Ranar da Aka Sayar da Gidan Gesche

Ranar Talata da hantsi Gesche Tjaden ta dawo daga asibitin gashin ƙashi, bayan wata uku ba ta gida, ta tarar makullinta ya ƙi buɗe ƙofarta. Ta gwada sau uku tana dogare da sanda. Ɗan ƙaninta Tammo, wanda ya ɗauko ta a mota, ya karɓa ya gwada, abin ya faskara. Sai ga wani mutum ya zagayo daga bayan gida da abin awo a hannu, Bongartz sunansa, mutumin Düsseldorf, ya tambaye su cikin ladabi me suke nema a gidansa.

"Gidan wa?" in ji Gesche.

"Gidana, Mama. Tun watan Janairu na saya. Ranar Litinin katafila za ta zo, ɗakunan 'yan hutu zan gina a nan."

Ya ɗauko takarda a motarsa. Ga hatimin notar Poppinga, jami'in da ake ɗaura cinikin gidaje a gabansa, ga sa hannun Gesche a ƙasa. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sunana ne. Amma ni ban taɓa ganin takardar nan ba."

Ni na buga takardar nan da hannuna. Sunana Okka Siebels, shekara talatin da ɗaya ina sakatariya a ofishin Poppinga a Norden, kuma ƙauyenmu ɗaya da Gesche. A gidan nan na bayan ganuwar teku aka haife ta, a ciki mijinta ya cika, shekarunta saba'in da tara. In katafila ta taɓa shi ranar Litinin, ba hukuncin kotun da zai sake ta da bangonsa.

Kafin yamma ƙauye ya rabu biyu. A shagon burodi wasu na cewa ai tsohuwa ta ruɗe tun da aka yi mata aikin ƙugu, ta sayar ta manta. Wasu na cewa notar ne ya haɗa baki da baƙo. Na shiga sayen burodi aka yi tsit kamar ruwa ya ci su, na fita ban karɓi canjina ba.

Washegari Tammo ya faɗo mana ofis ko gaisuwa babu.

"Ku gaya mini! Tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ta zo ita kaɗai a keken marasa lafiya, ba lauya, ba kowa nata, kuka bari ta sa hannu? Wannan wace irin doka ce?"

Poppinga mutum ne da ko gobara aka yi sai ya gama jera biro. Ya cire tabarau ya ce, "Zauna, Tammo. Doka ba ta ce sai da lauya ba. Cinikin gida a gaban notar ake ɗaura shi, shi ke nan. Ni kaina lauya ne, amma in na zauna a kujerar nan ba na kowa ba ne. In duba wanda ya zo, in karanta musu takarda daga farko har ƙarshe da babbar murya, in tabbata sun gane."

"Ka duba wadda ta zo ɗin?"

Poppinga ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na san abin da ya faru. Lokacin nan, saboda annoba, kowa da takunkumin fuska yake shiga ofis. Matar ta zo da hula da mayafin ulu har haɓa, bargo a cinya, tana tari. Ta miƙa katin shaidar Gesche, na gaske, mai hoton shekara tara da suka wuce. Poppinga ya buɗe baki zai ce ta sauke takunkumi, ni kuma uwar iyayi na ce, "Bar ta, yallaɓai, 'yar ƙauyenmu ce, tun ina yarinya na san ta." Maganar nan ita ta hana ni barci.

Muna haka Sufeton 'yan sanda Eilert Rosenboom ya shigo. Dogo ne, ba ya sauri, kuma ranakun hutu shi ke yi wa baƙi jagora su ratsa lakar teku in ruwa ya janye. Tun yana yaro ake ce masa Mai Bin Sawu, don yana iya duba laka ya gaya maka wa ya wuce, da nauyin kayan da ya ɗauka. Ya saurari kowa, ya rubuta layi biyu kacal.

"Masu duba sa hannu sun ce sai wata biyu," in ji shi. "Masu bin inda kuɗin suka shiga sun ce uku. Alƙali kuma ba zai tsayar da katafila a kan maganar tsohuwar da rabin ƙauye ke cewa ta ruɗe ba. Kwana biyar gare mu. Okka, ɗauko rigar sanyinki, ki raka ni."

"Ni kuma? Me na sani?"

"Ke kika gan ta, ko da ba ki kalle ta ba."

Maganar ta yi mini zafi, amma na ɗauko rigar.

A mota ya jera mini abin da ya sani. An sa hannu ranar sha tara ga Janairu, cikin makon da Gesche ta yi a gida tsakanin asibitin da aka yi mata aiki da na gashi. Makon nan tana kwance, maganin kashe zafi ya bugar da ita, ba ta tuna komai a cikinsa. Katinta yana cikin jakarta a rataye a bakin ƙofa. Duk wasiƙun da muka aika kuwa akwatin gidanta suka shiga, wani ya riƙa kwashewa. Mutum uku ke da makulli: Tammo, da maƙwabcinta Focko, da ƙawarta Marlies.

Focko muka fara zuwa. Shekara ashirin suna rigima da Gesche a kan magudanar ruwan da ta raba gonarsa da filinta, kuma kowa ya san ya yi ta neman sayen filin tana ƙi. Muka same shi a garken shanu, Rosenboom ya yi masa gaisuwar ƙasarmu.

"Moin, Focko. An ce kana da makulli."

"Moin. Makullin ɗakin kaji ne da na ƙofar baya. Ita ta ba ni, wai ko maƙiyinka ne in dai manomi ne ba zai bar kaza da yunwa ba."

"Ka ga an canza kwado ba ka ce komai ba?"

"In ce me? Na ɗauka ta sayar wa baƙo don ta ƙunsa mini. Kai, Eilert, ka yi hankali mana. In ni na yi, sai in kai filin da na yi shekara ashirin ina zawarci in ba ɗan Düsseldorf ya dasa mini 'yan hutu a gindin taki? Su wayi gari suna kai ƙarar warin shanuna?"

Rosenboom ya gyaɗa kai, muka fito. Haushi ya kama ni, don ina so ya zama Focko ne.

Marlies Kremer ita ta ɗauki Gesche zuwa gidanta tun ranar Talata. 'Yar yankin Ruhr ce, ta dawo ƙauyenmu da mijinta shekara goma sha biyu da suka wuce, mijin ya rasu ta zauna. Ta koyi yarenmu, ta shiga mawaƙan coci, har ana tsokanarta wai ta fi 'yan gari zama 'yar gari. Kullum safiya sai ta leƙa Gesche, ta sa mata safa, ta yi mata cefane. Muka tarar ta naɗe ta da bargo a kujerar taga.

"Ni dai na ce ta zauna a nan iya ranta," in ji Marlies, idonta ya yi ja. Ta rage murya. "Sufeto, makon da aka yi cinikin fa ba ta cikin hayyacinta. Ranar nan ta kira ni da sunan yayarta da ta mutu. Ba na so in faɗa, amma ko ma..."

"Ina jin ki, Marlies," in ji Gesche daga taga. "Ƙuguna ne ya karye, ba kunnena ba. Eilert, ko a mafarki ba zan sayar da ɗakin da mijina Harm ya cika a ciki ba."

Ranar Alhamis muka samo direban tasin da ya kai matar ofis. Ya ce ta waya aka kira shi, ya tarar da ita zaune a kekenta a bakin hanyar gidan Gesche, a can kuma ya mayar da ita. Fuska? "Oga, tsohuwa ce da takunkumi. Duk haka suke." Bongartz ma haka ya ce. Shi fili ya saya, bai ko nemi shiga gidan ba, ta waya da wasiƙa suka yi komai, kuma in an ce wannan ce ba zai musa ba, in an ce ba ita ba ce ba zai rantse ba. Mutum huɗu har da direban muka gan ta ranar, ba wanda ya iya faɗin launin idonta.

Sai zargi ya koma kan Tammo, don shi ne magajinta, kuma sau biyu a shekara yake leƙo ta. Matarsa Silke 'yar Berlin ce, siririya, in aka naɗe ta da bargo za ta shige a tsohuwa. Rosenboom ya titsiye shi awa biyu. Ya fito yana cewa, "Gidan da zai gada a banza, me zai sa ya sata? Amma matar tasa ba ta iya tuna inda take ranar ba."

Juma'a da la'asar ya biyo gidana. Kwana uku ya rage, ba mu da komai a hannu. Na dafa shayi yadda ake yi: dunƙulen sukari a gindin kofi, shayi mai zafi a kai har ya yi ƙara, sannan kirim ɗin madara a gefe a bar shi ya taso da kansa. Ya kurɓa ya lumshe ido.

"A laka," in ji shi, "in ban ga sawu ba, kunne nake kasawa. Bar abin da kika gani. Rufe idonki. Poppinga yana karatu. Me kike ji?"

"Muryarsa. Ka san shi, minti hamsin kamar ƙudan zuma a kwalba. Bongartz yana ta gyara zama. Tari."

"Sai me?"

Na rufe ido na kasa kunne. Sai abin ya dawo mini, har tsigar jikina ta tashi.

"Cokali. Ƙarar cokali a kofi. A zagaya, a zagaya, sai a buga bakin kofi sau uku, a sake. Tun daga shafi na biyu har ƙarshe. Kamar in tashi in fizge."

"Bongartz ne?"

"Shi ba shayi ya sha ba, baƙin kofi ne, ban ma ba shi cokali ba." Na buɗe ido. "Eilert, da na zo kwashe kaya, kofin shayinta yana cike, ba ta sha ba, ta dame shi ya koma kamar ruwan kwata. Har na yi mita a raina na ce magani ya cire wa Gesche kunya."

A ƙasarmu ba a juya shayi. Yaro ma ya sani. Cokalin nan na sakawa cikin kofi ne in ka ƙoshi, don a daina ƙara maka. Gesche kuwa ta taɓa ƙwace cokali a hannun sabon fasto a gaban jama'a. Ko a sume take, hannunta ba zai juya shayi ba.

"Ba ta sha ba don kada ta sauke takunkumi," in ji Rosenboom. "Hannun kuma ya rasa aikin yi. Baƙuwa ce, Okka."

"Silke! Ai ita juya shayi take kamar mai kwaɓa siminti."

"Ƙila. Baƙi biyu ne ke shiga gidan."

"Marlies? Haba, ka ji tsoron Allah. Shekara goma ban ga ta taɓa cokali ba."

Rosenboom ya shanye shayinsa. Ya sa cokalinsa a kofi ya miƙe. "Gobe ƙarfe uku a ofis. Ki dafa shayi da yawa, kada ki gaya wa kowa komai."

Asabar ƙarfe uku kowa ya hallara a ɗakin da aka yi cinikin: Gesche da Marlies gefe guda, Tammo da Silke, Focko da takalmin garke, Bongartz da lauyan da ya ɗauko daga Düsseldorf. Lauyan ya fara da cewa da kowa ya zo da lauyansa ranar, da ba a kai ga haka ba.

"Da goma aka kawo," in ji Rosenboom, "da duk sun zauna a gefen matar da ba ita ba ce. Yallaɓai notar, ka sake karanta mana takardar. Duka. Ko wani zai tuna wani abu."

Na zuba wa kowa shayi, Poppinga ya fara. Silke ta ɗauki cokali nan take, na zuba mata ido. Ta zagaya sau biyu, ta lashe, ta ajiye, ta shanye shayinta. Shi ke nan. Shafi na uku ya wuce, na biyar ya wuce. Focko ya fara gyangyaɗi. Ruwan sama na bugun taga, ina ta cewa a raina mun tara mutane a banza. Rosenboom yana kallon silin kamar ba shi ya kira taron ba.

Poppinga ya kai wurin da aka rubuta cewa mai sayarwa ta bayyana da kanta, ta tabbatar gidan nata ne, ta miƙa shi da duk abin da ke ciki. Sai na ji. A zagaya, a zagaya. Ƙil, ƙil, ƙil.

Marlies tana kallon tebur, ba ta ma san hannunta na aiki ba. Aka sake zagayawa, aka sake bugun uku. Bongartz ya ɗago kai da sauri.

"Wannan ƙarar!" in ji shi. "Ita ce ta hana ni sakat ranar!"

"Okka, me kike ji?" in ji Rosenboom.

"Abin da na ji ranar sha tara ga Janairu," na ce.

Poppinga ya daina karatu. Marlies ta saki cokalin kamar ya ƙone ta. "Shayi kawai na juya. Yanzu juya shayi laifi ne?"

Gesche ta miƙa hannu ta dafa nata. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sau ɗaya na taɓa jin kin yi haka, Marlies. Ranar da muke jiran likita ya fito daga ɗakin mijinki. Ban hana ki ba ranar, don na san tsoro ne. Yau me kike tsoro?"

Da tsawa aka yi mata, ina jin da ta jure. Wannan ce ba ta iya ɗauka ba. Fuskarta ta narke, ta fashe da kuka.

"Likita ya ce da wuya ki koma gida! Da kunnena na ji. Na ce to, shi ke nan, wannan yaron da ba ya zuwa sai Kirsimeti zai zo ya kwashe komai. Ni fa? Shekara goma sha biyu, Gesche. Wa ya wanke ki? Wa ya yanke miki farce? Na ɗauka ba za ki taɓa sani ba. Da kika warke kuma, na ce zan riƙe ki a gidana har ƙarshe, ba za ki rasa komai ba."

"Shi ya sa kike gaya wa mutane na haukace."

Marlies ta ci gaba da kuka. Tammo ya sunkuyar da kai, don ba duk maganar ce ƙarya ba. Rosenboom ya tashi a hankali ya riƙe wa Marlies rigar sanyinta ta saka, suka fita tare zuwa ofishin 'yan sanda.

Katafila ba ta zo ranar Litinin ba. Kafin lokacin zafi ya ƙare sunan Gesche ya koma rajistar filaye, aka mayar mata da kwadonta. Na yi murna har na yi hawaye, na ɗauka magana ta ƙare.

Amma tsohuwa mai karyayyen ƙugu ba ta zama ita kaɗai a bayan ganuwar teku sai da mai leƙa ta kullum safiya, kuma mai leƙa tan ita ce aka tafi da ita. Na gwada, ina biyawa kafin in tafi aiki. Matar Focko ta gwada. Tammo ya riƙa zuwa duk Lahadi. Bai isa ba. A watan Satumba ta faɗi a ɗakin girki ta yini a ƙasa. Da kaka ta shigo, ta buga mini waya da kanta ta ce in shirya takarda, ta sami ɗaki a gidan tsofaffi a Norden, kuma ta sami masu saye, wasu miji da mata da suka yi alkawarin ba za su rushe ba.

Ranar cinikin Tammo ya zo mata da lauya. Ta ce ya zauna, ba laifi, a zuba masa shayi. Ta zauna a wurin da waccan ta zauna. Na zo wucewa da buta, ta buɗe jaka ta ciro katinta ta miƙo mini.

"Haba, Gesche," na ce. "Ai na san..." Sai na tuna haka na ce wancan karon.

"Karɓi, Okka. Dubi katin, sannan ki dube ni."

Na ajiye butar na karɓa. Na dubi hoton, na dube ta. Idonta ruwan toka ne, kuma akwai ɗan tabo a girarta ta hagu. Shekara hamsin ina gaishe ta a ƙofar coci, ban taɓa ganinsa ba. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗauke kai.

"Ni ce?"

"Ke ce, Gesche."

"To," ta ce da Poppinga, ta ɗora makullin gidan a kan tebur, "karanta. Kada ka tsallake ko layi ɗaya, wannan karon ina so in ji."